Shin ingantaccen irin shanu a jirgi ake kawo shi? Fashin baƙi kan awo, rajista da gado a kiwon shanun nama

Tun da aka ƙirƙiro ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya a watan Yulin 2024, sannan a Nuwamban shekarar aka ji kamfanin naman nan na Brazil, JBS, ya sa hannu da gwamnatin Najeriya kan zuba dala biliyan 2.5, maganar "inganta irin shanunmu" ta ƙi barin bakin mutane. A rediyo ita ce, a Facebook ita ce, ga kuma bidiyon wasu shirga-shirgan shanu na waje da ake ta turawa a guruf-guruf na WhatsApp ana cewa ga irin da ya kamata a kawo mana. To tambayar ita ce, shi wannan ingantaccen iri abu ne da ake saya a loda a jirgi a sauke a Kano shi ke nan an gama? Ko akwai wani aiki da masu shanun can suka shafe shekaru suna yi, wanda mu ba mu kama shi gadan-gadan ba?

Ni dai na biyun na yarda da shi. Kuma aikin awo ne da rubutu da lissafi, shekara bayan shekara.

Me ake nufi da inganta iri tukuna?

Abu uku ne mutane ke cakuɗawa a kalma ɗaya. Akwai zaɓe a cikin iri ɗaya, wato ka duba Bokolonka ka ware waɗanda suka fi, su kaɗai za su yi barbara. Akwai gauraye, a haɗa namu da na waje a samu wanda ake ce wa kuros. Sai kuma a kawo na waje zalla a ajiye. Yawancin surutun da ake yi kan na biyu da na uku ne, alhali na farkon shi ne gindin sauran.

Sannan saniyar madara daban, ta nama daban. Aikin gauraye da aka fi sani a nan Arewa, irin wanda cibiyar NAPRI ta Shika a Zariya ta daɗe tana yi tsakanin Friesian, wato shanun madarar Turai masu baƙi da fari, da Bunaji, don madara aka yi shi. Amma sai kaga mutum ya sayi ɗan maraƙi mai baƙi da fari da tsada don zai yi kiwon turke, kawai saboda an ce masa na gidan gona ne.

Ido yana gani, amma ba ya raba gado da dusa

Duk bijimin da ka gani a tsaye a kara, a Wudil ne ko Maigatari ko Potiskum, abu biyu ne suka haɗu suka gina shi: abin da ya gada daga uwa da uba, da kuma abin da ya samu tun daga ciki, abinci, ruwa, magani, inuwa, hutu. Sa ya yi wata huɗu a turke yana cin dusa da harawa da angurya, jikinsa na sheƙi, tozo ya cika ya kwanta, kowa ya gani sai ya ce masha Allah. Amma wannan ƙibar ba ta bin maniyyinsa zuwa ga ɗansa. Abin da ya gada kaɗai yake iya gadarwa.

Masana kiwo sun auna kowane hali su ga kashi nawa na bambancin da ke tsakanin dabbobi ne ya fito daga gado. Nauyin maraƙi a lokacin yaye, wajen kashi 20 zuwa 30 cikin 100 ne. Nauyin shekara guda ya ɗan fi haka, wajen 30 zuwa 40. Yanayin nama da kitse a jiki shi ma gadonsa da ƙarfi. Amma saurin ɗaukar ciki da tazarar haihuwa, gadonsu kaɗan ne sosai, sau da yawa bai wuce kashi 10 ba, sauran duk abinci ne da lafiya da kulawa.

Bari in ba da misali da lissafi don nan ne mutane ke shan mamaki. A ce a garkenka akwai ɗan sa da ya fi tsaransa da kilo 40 a shekara guda. In gadon halin kashi 30 ne, to kilo 12 ne kawai na jininsa a cikin 40 ɗin nan. Kuma rabin jininsa yake ba ɗansa, ɗaya rabin na uwa ne. Ke nan abin da za ka sa ran gani a 'ya'yansa ƙarin kilo 6 ne a matsakaici. Wani zai ce haba, duk wannan wahalar kan kilo 6? Eh, amma kilo 6 ne a kan kowane maraƙi da ya haifa, ba a sake biyan kuɗinsa, kuma in aka sake zaɓe a cikin 'ya'yan wani ya hau kan wancan. Dusa kuwa ranar da ka daina saya ranar amfaninta ya tsaya.

Shi ya sa ƙa'idar farko a wannan ilimi ita ce ana gwada dabba da tsaranta ne kawai. Waɗanda aka haifa lokaci ɗaya, a garke ɗaya, suka ci abinci ɗaya. Maraƙin da aka haifa farkon damina uwarsa na cikin ɗanyar ciyawa, ba adalci a jera shi da wanda aka haifa a tsakiyar bazara uwarsa na lasar ƙasa.

A nan dole a ba makiyayanmu haƙƙinsu. Bafulatani ya san saniyarsa, ya san uwarta da kakarta, ya san wace zuriya ce mai nono, wace ce ke jure tafiya, wace ce 'ya'yanta ba sa rayuwa. Woɗaaɓe na Nijar ma har aron bijimi suke zuwa yi daga garke mai nisa saboda sun san asalinsa, su dandaƙe sauran mazan da ba su yarda da su ba. Wannan zaɓen iri ne na gaske, kuma shi ya samar da Bunaji da Rahaji da Bokolo da Azawak ɗin da muke da su. Abin da babu a ciki shi ne kilo, da kuma hanyar da za a gwada bijimin wannan ruga da na wata ruga mai nisan kilomita 300.

Me ake aunawa?

A Amurka tun 1968 masu kiwo da jami'o'i suka kafa ƙungiya guda don kowa ya riƙa awo iri ɗaya. Ana auna maraƙi ranar haihuwa, a rubuta ko uwar ta haihu da kanta ko sai da aka ja. Ana auna shi a yaye a mayar da lissafin kan kwana 205, don kar wanda ya girmi wani da wata guda ya ci banza, har shekarun uwar ake sakawa a lissafin tunda karsana mai haihuwar fari ba ta kai babbar saniya nono ba. Sai awon kwana 365. Ana auna kaurin marainan ɗan sa da tef, don yana nuna yawan maniyyi kuma yana da alaƙa da saurin balagar 'ya'yansa mata. Ana ɗora na'urar sikanin, irin ta masu ciki a asibiti, a gadon bayan dabba a ga faɗin tsoka da kaurin kitse tun tana raye. Wasu gonakin har abin da kowace dabba ta ci ake aunawa, saboda shanu biyu kan yi girma ɗaya amma ɗaya ya fi ɗaya cin buhu. Har faɗa da tsoro ana ba su maki.

In ni za a tambaya, a wajenmu rubutun haihuwa ya fi kowanne muhimmanci. A rugage da yawa karsana sai ta kai shekara 4 zuwa 5 kafin haihuwar fari, sannan ta riƙa haihuwa kusan duk shekara biyu. Na faɗa a sama gadon wannan hali kaɗan ne, yawancinsa yunwar rani ce, amma littafi shi zai nuna maka saniyar da ta shekara uku tana cin kiwo ba ta ba da komai ba, da wadda a cikin yunwar ɗaya ba ta fashi.

Lambar da ake sayen bijimi da ita

Duk waɗannan awo ana tura su ga ƙungiyar masu irin, a zuba a kwamfuta tare da asalin kowace dabba. Hanyar lissafin wani malamin jami'ar Cornell ne mai suna Charles Henderson ya shimfiɗa ta. Abin da take yi shi ne ta cire tasirin gona da shekara da abinci, ta haɗa awon dabbar da na iyayenta da 'yan uwanta da 'ya'yanta duk inda suke, ta fitar da lamba. Amurkawa na ce mata EPD a taƙaice, ma'ana bambancin da ake sa ran gani a 'ya'ya. A Ostireliya EBV suke amfani da ita, ƙarƙashin tsarinsu na BREEDPLAN.

Karatun EPD ba wuya. A ce bijimi na ɗaya yana da +20 a nauyin yaye, na biyu yana da +8. In aka ba su shanu masu kama da juna, 'ya'yan na ɗaya za su fi na biyu da 12 a matsakaici. Lambar ba ta ce maraƙinka zai kai kilo kaza ba, bambanci kawai take faɗa. Kuma kusa da ita akwai wata lambar daga 0 zuwa 1 mai nuna yadda za a dogara da ita. Ɗan sa da bai haihu ba tasa ƙasa take, tana iya canzawa sosai, bijimin da aka auna 'ya'yansa ɗaruruwa a gonaki daban-daban kuwa tasa ta kusa 1.

Me ya sa ake ta maganar bijimi aka bar saniya? Saboda saniya ɗa ɗaya take bayarwa a shekara in an yi sa'a, shi kuwa bijimi ɗaya shi ne uban duk maruƙan garke. In kana riƙe karsanunka, bijimi na yanzu ya ba da rabin jininsu, wanda ya gabace shi kwata, na gabansa ɗaya cikin takwas, jimla kashi 87.5 na jinin garken daga bijimai uku. Ka auna wannan da abin da wasunmu ke yi, ana matsuwa ko Sallah ta zo sai a kai san da ya fi kowanne girma kasuwa don shi zai fi kuɗi, a bar wanda ba a taya ba yana hawan shanu. Wallahi wannan abu yana ci mini rai, don zaɓe ne shi ma, amma baya yake mayar da garke.

To gwajin DNA fa?

A 2009 aka fitar da cikakken karatun ƙwayoyin gadon saniya, an yi shi ne da wata saniya irin Hereford, shanun nama 'yan asalin Ingila. Daga nan aka samu gwajin da za a ciri gashin jela ko ɗan ƙaramin naman kunne, a duba wurare kimanin 50,000 a cikin DNA ɗin dabba. Amfaninsa, maraƙi yana ɗan kwanaki za a iya hasashen darajarsa kamar an riga an auna wasu daga cikin 'ya'yansa, ba sai an jira shekaru ba. Yana kuma tabbatar da waye uban maraƙi, yana tona cututtukan gado da ke ɓoye.

Amma ga inda ake yi wa abin gurguwar fahimta. Na'urar ba ta san nama ba. Abin da take yi shi ne ta gwada DNA ɗin maraƙinka da na dubban shanu irinsa waɗanda aka riga aka auna, aka san girmansu da haihuwarsu. In babu waɗancan dubban da aka auna, ba ta da abin gwadawa. Lissafin da aka gina da Angus, shanun naman Turawa marasa tozo, ba ya aiki a kan Bokolo. Don haka duk wanda ya ce zai yi wa Bunajinka gwajin DNA ya faɗa maka kilo nawa 'ya'yansa za su yi, ka tambaye shi Bunaji nawa aka auna aka gina lissafin.

Yadda Brazil ta yi

Brazil ce misalin da ya fi dacewa da mu, don ƙasar zafi ce mai kaska. Yau ita ce kan gaba a duniya wajen fitar da naman shanu, tana da shanu sama da miliyan 200, kuma mafi yawan na naman Nelore ne ko masu jininsa. Nelore ɗin nan farin sa ne mai tozo, asalinsa shanun Ongole na Indiya, waɗanda can aikin noma da jan kaya suke yi. 'Yan dubbai kawai aka taɓa shigarwa Brazil, babban shigowa na ƙarshe a 1962. Abin da ya biyo baya shi ne rajista a ƙungiyar masu shanun tozo da ke garin Uberaba, awo a gonaki, cibiyar binciken noma ta Embrapa da aka kafa a 1973, ɗura maniyyi, daga baya DNA. Saniyar nan Viatina-19 da aka yi ta yaɗawa an yi mata kuɗi sama da dala miliyan 4, Nelore ce, kuma ba namanta aka saya ba, ƙwayayenta da takardunta aka saya.

Kuma ba jini kaɗai suka gyara ba, ciyawa ma sun shuka. Abin da ya kamata ya taɓa mu shi ne, yawancin ciyawar da suka shuka asalinta daga Afirka take. Har gambarmu, daga Shika aka ɗauki irinta a 1973 zuwa Kolombiya, a 1980 aka fitar da ita ga manoman Brazil.

A Afirka ta Kudu ma wani masanin kiwo, Jan Bonsma, ya haɗa irin Bonsmara a tashar Mara, kashi biyar cikin takwas jinin shanun gida na Afrikaner, sauran ukun Hereford da Shorthorn, kuma suka sa doka ba a yi wa dabba rajista sai da takardar awo. Kusa da mu akwai tashar Tukunus a yankin Filinge na Nijar, da ta shafe shekaru tana zaɓen Azawak.

Inda aka ƙone

A tashar Wakwa kusa da Ngaundere a Kamaru, a shekarun 1950 aka haɗa Brahman na Amurka da Gudali na Adamawa. Girma kam sun yi, amma ciwon fatar nan kirci ya riƙa kama su fiye da na gida, har aka dawo kan zaɓen Gudalin kansa. Wannan shi ne abin da lambar waje ba ta faɗa maka, an auna ta ne inda babu sammore, babu kirci, babu tafiyar kilomita 15 neman ruwa.

Akwai kuma abin da ke ruɗar masu kuros. Haɗin farko tsakanin iri biyu masu nisa yakan fito da wani kuzari na musamman, ya fi matsakaicin iyayensa girma da lafiya. Amma in aka haɗa kuros da kuros rabin kuzarin nan ya tafi, 'ya'yan su fito barkatai, in kuma aka ci gaba da ƙara jinin waje juriyar ta tafi. Na taɓa sayen ɗan sa a wata gona kan an ce kuros ne, ba takarda ba komai, damina ɗaya kuɗin maganinsa ya cinye abin da nake sa ran samu, kuma har yau ban san kashi nawa ne jinin waje a jikinsa ba, su ma masu gonar ba su rubuta ba.

Su ma masu lissafin sun sha tasu. Shanun Beljiyam masu ninkin tsoka, waɗanda bidiyonsu ya fi yawo, yawancinsu sai an yi wa saniya tiyata ake ciro maraƙi. A 2008 masu Angus a Amurka suka gano wata cutar gado da ke sa a haifi maraƙi matacce a ƙanƙame, aka bi sawu aka tarar ta yaɗu ne ta wani shahararren bijimi da aka raba maniyyinsa ko'ina. Bin hali ɗaya ido rufe, da taruwa a kan bijimi ɗaya, duk suna da haɗari.

Wa ke cewa me?

Masu son a kawo na waje suna da hujja: jama'a na ƙaruwa, zaɓe a cikin na gida yana da jinkiri, ga maniyyi a kasuwar duniya da an riga an yi masa aikin shekara hamsin. Ga mai gona mai shinge da ruwa da ciyawa da likita, musamman in irin masu tozo ne na ƙasashen zafi, maganarsu na kan hanya. Masu cewa a riƙe na gida su kuma suna duba cewa mafi yawan shanun ƙasar nan a hannun makiyaya suke, kuma gauraye ba tsari yana iya shafe iri gaba ɗaya, ga Kuri na tafkin Chadi nan suna ta raguwa. Shi kuwa makiyayi ba nama kaɗai yake nema ba, yana son nonon da iyali za su sha su sayar, yana son saniyar da za ta kai damina da ranta. In aka zo masa da awo da ɗan kunne mai lamba, dole ya tuna jangali, ya tambaya wa zai riƙe lissafin dukiyarsa kuma me za a yi da shi. Tambaya ce mai kyau kuma sai an amsa masa ita kafin ya buɗe garke.

Akwai hanyar tsakiya da aka gwada a Habasha da tumaki, a yankuna irin su Bonga da Menz, inda 'yan gari suka haɗa kai, aka ɗauki mai awo daga cikinsu, su da kansu suke zaɓen ragunan barbara suna juya su tsakanin gidaje.

Me zai canza ga mai ƙaramin ƙarfi?

Mai sayen nama kar ya sa ran sauƙin farashi nan kusa ta wannan hanya. Cikin saniya wata tara ne da 'yan kwanaki, karsanar da aka haifa bana sai nan da shekaru za ta haihu, don haka zagaye biyu na zaɓe ma ya kai shekara goma a yanayinmu.

Inda za a fi jin canji da wuri shi ne kasuwa. Yanzu da ido ake ciniki, dillali ya shafa ya taya, ƙaho da launi da tsayi duk suna shiga kuɗi. Manyan masana'antun nama da kilo suke saya, suna son dabbobi matasa masu kama da juna, masu lamba da tarihin rigakafi. In suka zo suka tarar ƙananan masu kiwo ba su da wannan, manyan gonaki za su koma wa, ko su kafa nasu. In kuwa ƙungiyoyin masu kiwo suka riga suka fara rubutu, mai shanu goma ma zai iya shiga ta ƙungiya.

Kuma farawar ba sai da sikelin miliyoyi ba. Littafi mai bango, lamba ko suna ga kowace dabba, ranar haihuwa, uwa, uba, sai tef ɗin tela a zagaya ƙirji daidai bayan ƙafafun gaba a yaye da kuma shekara guda, don kaurin ƙirji yana tafiya da nauyi sosai. Mai kiwon turke shi ma ya auna ranar da ya ɗaure da duk bayan sati biyu, ya rubuta buhu nawa ya ƙare. Wanda kuma zai sayi bijimin barbara ko a ɗura wa saniyarsa maniyyi, ya nemi sanin wane iri ne, kashi nawa ne jinin waje, an gwada shi bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari, ko ba a gwada ba, 'ya'yansa suna zuwa da girman da ƙaramar saniya za ta iya haifa, sannan a nuna masa 'ya'yan bijimin da suka riga suka yi rani biyu a ƙasa irin tasa.